Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kantoman Birnin Damagaram: Ina Kuɗin Yaɓe?

Zuwa ga Mai Girma Kantoman Birnin Damagaram, da waɗanda ke riƙe da gundumomi biyar na birnin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da barka da ɗawainiya. Ni tsohon magatakarda ne. Na shafe sama da shekara talatin ina jan rajista, ina buga hatimi, ina rubuta bayanin taron da ba ni da bakin magana a cikinsa, daga wannan ofis zuwa wancan a cikin jihar nan, har Allah ya kawo ranar ajiye aiki. Yanzu ofishina tabarmar ƙofar gida ce. Ban zo neman fili ba, ban zo neman kwangila ba. Abin da ya sa na buɗe wasiƙar nan kowa ya gani kuwa, na san hanyar da rufaffiya take bi, tunda da hannuna na sha raka ire-irenta: a buga mata lamba, a rubuta "a duba" a gefenta, a jefa ta cikin kwali, gara ta karanta. Gyara kayanka kuma ba ya zama sauke mu raba.

Daminar 2024 ta bar mana tabo. A farkon watan Satumba tsohon masallacin nan na Birni, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba na ɗora wa kowa alhakin wannan, ruwan shekarar ya kayar har da ginin siminti. Mutane suna ta tambayar yadda aka yi ya faɗi. Ni kuma da na je na tsaya a kan ɓaraguzan, wata tambaya ce ta dame ni: yaya aka yi ƙasa da ruwa da azara suka tsaya sama da shekara ɗari da hamsin? Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ya san amsa. Kafin hadari ya fara haɗuwa, ana kiran magina. A kwaɓa ƙasa, a hau soro, a toshe tsaga, a share indararo, a shafe bango da makuɓa. Shekara ta zagayo a sake. Babu wanda ake yi wa kirari don ya yi yaɓe, ba a kiran maroƙa, ba a yanka ƙyalle. Amma maigidan da ya tsallake shi shekara uku, shi da iyalinsa za su kwana a zauren maƙwabci.

Abin da na gani a aikin gwamnati ke nan, shi ne kuma dalilin wasiƙar nan. Mun iya gini. Yaɓe ne ba mu da shi a kasafin kuɗi, ba mu da shi a tsarin aiki, ba mu da sunan wanda za a kama idan ba a yi ba.

A darussan mulki da aka ba mu muna samari, an sa mu haddace maganar wani Bafaranshe injiniyan ma'adinai, Hanri Fayol, wanda a 1916 ya kasa aikin shugaba gida biyar: hangen gaba, tsara aiki, ba da umurni, haɗa kan masu aikin, da bin diddigi. Mun haddace, mun ci jarrabawa. Da muka shiga ofis sai na lura na ukun kaɗai ke da gata. Umurni kam ba a rasa shi, kullum takarda na saukowa daga sama da hatimi ja. Na farko da na ƙarshe su ne marayu. Ba a cika zama a yi lissafin abin da aiki zai ci bayan an buɗe shi ba, ba a cika komawa bayan shekara biyu a ga ko yana raye ba.

A watan Disamba na 2018, da aka kawo mana bikin cika shekara 60 da kafa Jamhuriya da sunan Zinder Sabuwa, garin nan ya ga kwalta da fitilu da gine-ginen da bai taɓa gani a lokaci guda ba. Mun gode, alheri ne. Roƙona, a sa yaro ɗaya da littafi da alƙalami ya zaga ya rubuta: fitila nawa aka kafa, nawa ke kamawa yau, magudana nawa aka haƙa, nawa leda da rairayi suka cinye, kuma kowanne a wuyan wane ofis yake. Fitila mai aiki da hasken rana batirinta yana da wa'adi, wanda ya sayar da ita ya sani, wanda ya saya ya sani. Ranar da aka sa hannu a kan takardar saye, ranar ce ya kamata a rubuta shekarar da za a sauya batiri da aljihun da kuɗin zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ka labarin da har yau yake ci mini rai. A wani ƙauye da na yi aiki, ba zan kama suna ba, famfon tuƙa-tuƙa ya tsaya saboda wani ɗan ƙarfe da kuɗinsa bai kai na tunkiya ba. Na rubuta, na sake rubutawa. Amsar da nake samu ita ce babu layin gyara a kasafi. Mata suka koma tafki, yara suka koma gudawa. Bayan wata goma sha wani abu sai ga motoci masu ƙafa huɗu, wani proje ya zo haƙa sabuwar rijiya, jifan dutse tsakaninta da tsohuwar. Aka kashe miliyoyi, aka kafa allo mai ɗauke da tutoci, aka yi jawabi, ni na rubuta jawabin ma. Na tambayi ɗaya daga cikinsu a gefe ko za su taimaka da ɗan ƙarfen nan, ya ce kuɗinsu na sabon aiki ne, gyara ba ya cikin yarjejeniya. Ba mugun mutum ba ne, ƙa'idarsa ya bi. Mu ne ba mu da tamu ƙa'idar da za mu ce masa: kafin ka haƙa, ga jerin abin da muke da shi, ga waɗanda suka mutu, fara daga nan. Da na bar garin, rijiya biyu ce a tsaye, ɗaya ke ba da ruwa.

Tunda ruwa ya shigo maganar, bari in daɗe a kansa, don Badamagare ba ya gaisuwa uku bai ambace shi ba. A 1926 Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da ake kawowa. Ƙarni guda ke nan. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasan ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa: Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Kowace sabuwar jawowa takan kawo sauƙi na ƴan shekaru, sai gari ya ƙara faɗi, a koma gidan jiya. Ƙidayar 2012 ta nuna jiharmu ta fi kowace jiha yawan jama'a, sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma birnin nan ne matattararsu. Na san bututu da injin ba a hannunka suke ba, na hukumomin ƙasa ne. Amma akwai abin da yake hannunka wanda ba ya bukatar izinin kowa, shi ne sani. A watan Afrilu, wace unguwa ce ruwa ke zuwa mata kullum, wace ce sai tsakar dare, wace ce sai bayan kwana da kwanaki? Nawa ɗan ga-ruwa ke sayar da bido a Sabon Gari, nawa a Garin Malam, nawa a Kara-kara? Ƴan mata nawa ke makara lakwal saboda layin famfo? Mai unguwa ya sani, matan gida sun fi shi sani, amma sanin yana watse a bakunan mutane, bai taru a takarda ɗaya ba. Wanda ya je Yamai yana cewa "muna fama da ƙishirwa" za a ce masa Allah ya kawo sauƙi. Wanda ya je da taswira, unguwa-unguwa, awa-awa, shekara uku a jere, dole a ja kujera a zauna da shi. Kuma idan aka zo yanka sababbin filaye, takardar nan ce za ta hana a raba wa mutane fegi a inda bututu ba zai kai ba sai jikokinsu sun yi furfura.

Abin da masu boko ke kira nazarin manufa, da shi ake farawa: ƙirga kafin alkawari. Muna da darasi a gida wanda ya ishe mu. A 2005 da 2006 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma ta yi amfani, uwaye sun riƙa kai yara likita fiye da da. Tsarin shi ne gidan likita ya yi aikin, ya aika lissafi, gwamnati ta biya daga baya. Sai biyan ya riƙa makara, wata da watanni, wani wurin shekaru. Ɗakunan magani suka bushe. Uwa ta zo da yaro jiki zafi rau, a ce mata kyauta ne, a miƙa mata takarda ta je kanti ta saya. Ita ta tafi tana zagin malamin asibiti, shi kuma ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi wannan al'amari sun rubuta shi filla-filla. Tambayoyin da suka kamata tun farko ba masu wuya ba ne: yara nawa ne, kowanne zai ci nawa a shekara, daga wane asusu, wa zai riƙe gidan likita kafin kuɗi su iso, kuma idan masu zuwa suka ninka saboda an ce kyauta, lissafin zai ɗauka? Haka aka sake yi a 2016 da aka miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi da lafiya da ruwa da muhalli: kaya suka iso kan jaki tun da safe, harawa tana can baya.

Kai ma kana yanke irin wannan hukunci, ko da ƙarami ne. Ranar da aka ce a tashi masu tebur daga bakin hanya, ko a sauya wa ƴan kabu-kabu wurin tsayawa, ko a ƙara kuɗin rumfa, manufa ce aka yi. Kafin a sa hannu, a tambayi wa zai yi asara, ina zai koma, kuma me zai yi idan ya ƙi. Dokar da ba a tanadi amsar wannan ba, sati biyu take yi: a kore su Litinin, su dawo Litinin ta sama, hukuma ta rage kwarjini a banza.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, ka yi mini haƙuri da ita. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a ƙasar nan. Dokar 2010 ta tsara aikinsu, ita ce zamanin da garin nan ya zama birni mai gundumomi biyar. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa ku. Ba zan yi maka ƙarya in ce duk ƴan majalisar da suka tafi gwanaye ba ne. Na zauna a bayansu ina rubutu, na ga mai barci, na ga wanda kuɗin zama kawai ya kawo shi. Amma ko mai barcin nan, ranar kasafin kuɗi yakan farka ya ce ina rabon unguwarmu, kuma ƙofar zauren a buɗe take, talaka na iya shiga ya saurara. Wannan ƙofa yanzu babu ita. Ka san ƙa'idar kuɗin gwamnati da aka gina mu a kanta: mai ba da umurnin kashewa daban, mai riƙe asusu daban, don kada hannu ɗaya ya auna kuma ya ƙirga. Hikimar ba zargin kowa ba ce, kare mutumin kirki ce daga zato, da kuma daga zuciyarsa. Gwamna na dubawa daga sama, masu bincike na zuwa daga Yamai, to daga ƙasa fa, wa ke dubawa? Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya yi ta nanata wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cewa tushen kowace musiba shi ne shugaba ya shige labule ya bar talakawansa a waje. Tunda babu majalisar da za ta tambaye ka, kai ne za ka fito da littafin da kanka.

Ba sabon abu nake ƙirƙira ba. Tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma. Kuma tun watan Maris na 2025 kundin da ake mulki da shi ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To a fara da kasafin birnin Damagaram. Shafi biyu sun isa: ga abin da muka yi tsammanin samu, ga abin da ya shigo, ga abin da ya tafi albashi da man mota, ga abin da ya tafi gini, ga abin da ya tafi gyara. A rubuta da Hausa, boko da ajami, don malaman zaure da almajiransu sun fi masu faransanci yawa a garin nan. A liƙa a ƙofar kowace gunduma, a karanta a rediyo bayan wata uku-uku. Layin gyaran nan shi zan fara nema da yatsa, kuma ina so in ga kowane abu da sunan ofishin da ke riƙe da shi. Abin da aka ce na kowa ne, akuyar gayya ce, da yunwa take kwana.

Za a ce maka mutanen Damagaram ba sa son biyan haraji. Na karɓi haraji, na san gardamarsu. Amma mutumin da ya ƙi ba da dala ga mai tikiti, shi ne da an ce rufin masallacin unguwa na yoyo zai ciro jaka biyar ba a roƙe shi ba. Bambancin, a masallaci ana tashi ranar Juma'a a faɗi abin da aka tara da abin da aka saya, kuma yana ganin kwanon da idonsa. A gwada haka a Kasuwar Dole. Allo ɗaya a bakin ƙofa: ranar Alhamis ɗin da ta wuce an yanka tikiti kaza, an samu kaza, an kwashe shara sau kaza. Ƴan kasuwa sun fi mu iya lissafi, sun san yawan rumfunansu. Idan adadin ya yi ƙasa da hankali, su za su fara nuna inda tulun ke yoyo, ba sai ka ɗauki mai bincike ba.

Haka takardu. Takardar haihuwa, ta aure, ta fili, bugun hatimi a kan kwafi: a rubuta a bango nawa ne, me za a kawo, kwana nawa ake jira, ƙofar wa za a buga idan kwanakin suka wuce. A wani ofis da na zauna, mun yi shekaru da wasu mutane a gindin bishiyar ƙofa waɗanda ba ma'aikata ba ne, amma sun fi mu samu. Jarinsu ɗaya ne: baƙauye bai san farashi ba, bai san ƙofa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da wani sabon shugaba ya sa aka rubuta farashi da fenti, kasuwarsu ta ragu da kanta, ba a kira ɗan sanda ba. Da aka sauya shi, aka sake fentin ginin, aka shafe rubutun, ba a mayar ba.

Wannan sauyin ma ciwo ne. An koya mana cewa aikin hukuma ba ya yankewa, mutum ke tafiya, kujera na nan. A zahiri sau da yawa mutum kan tafi da kujerar a cikin kansa. Na taɓa karɓar ofis da aka miƙa mini makulli da kujera mai ƙafa uku, rajistar shekara huɗu kuwa ta bi mai ita. Rigimar fili nawa ce ke gaban alƙali yau saboda fegi ɗaya takarda biyu, kowacce da hatimi na gaskiya? Ɗakin ajiyar takardu shi ne inda ake tura ma'aikacin da aka gaji da shi, alhali nan ne ƙwaƙwalwar gari take. Kai ma wata rana za a karanta sunan wani a rediyo a madadinka, haka aikin yake. Ka sa doka tun yanzu: babu shugaban sashen da zai tashi sai ya bar rubutaccen bayani na abin da ya tarar, abin da ya fara, bashin da ake bi da wanda ake bin sa, an sa hannu gaban shaida. Ga Jami'ar André Salifou nan kusa da mu, cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai su kammala karatu. A ba su rajistocin filaye su shigar a kwamfuta, a ba su ƙirgar famfo da fitila. Su sami digiri, gari ya sami lissafi.

Kada in zalunci abokan aikina na da. Akwai waɗanda ke sayen takarda da alƙalami daga aljihunsu, akwai masu kwashe shara da ke bin albashin watanni a wurare da dama cikin ƙasar nan. Mutum ba ya ganin an ɗaga wanda ya fi shi uwa a gindin murhu shekara bayan shekara, sannan a ce ya zo ƙarfe takwas da fara'a. Idan ka sami mai ƙwazo, ka faɗi sunansa a gaban jama'a, ka bar shi a wurinsa ya daɗe. Wannan ba ya cin ko dala.

Ranka ya daɗe, zafi na tafe, bayansa hadari. Magudanun da za su ɗauki ruwan Agusta, a watan Mayu ake yashe su, kuɗin yasar kuma tun yanzu ake ware shi. Ranar Alhamis ta farkon watan gobe, in Allah ya kai mu, idan na taso daga kasuwa zan biyo ta ƙofar gundumarmu in duba bango. Idona ya yi rauni, don Allah a rubuta da manyan baƙaƙe.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon magatakarda,
Unguwar Birni, Damagaram.